Jirgin Da Ba a Zuba wa Mai Ba

Karo na uku ke nan Auta tana tsaye a bakin banɗakin maza na filin jirgin tana kiran "Baba! Baba!" kamar wadda ɗanta ya ɓace a kasuwa. Wani mutum ya fito yana yarfe hannu, ya dube ta sama da ƙasa, ya wuce abinsa. Ta juya da gudu ta koma ƙofa ta goma sha huɗu, inda ta bar Mama a keken marasa lafiya da jaka a cinya.

"Ba ya can?"

"Ba ya can, Mama. Ba ya ɗakin salla, ba ya wajen masu shayi. Wayarsa kuma a kashe."

Layin da ɗazu ya kai bakin kantin turare yanzu bai fi mutum ashirin ba. Awa bakwai suka yi a jirgin farko kafin su sauka nan su canja, saura wani na awa shida. Gobe da ƙarfe tara na safe likitan ƙashi zai ga Mama a kan ƙugunta da ya hana ta tsayuwa. Wata goma sha ɗaya Yaya, babban ɗan gidan da ke zaune a can ƙasar, ya yi yana bin layin ganin likitan nan, kuma asibitin sun rubuta ɓaro-ɓaro cewa duk wanda ya rasa ranarsa ya koma ƙarshen layi. Fasfo uku da tikiti uku kuwa suna aljihun gaban rigar Baba, ya maƙale bakin aljihun da fil tun daga gida. Da Auta ta ce ya kawo ta riƙe, sai ya ce tun yaushe aka fara ba auta ajiyar takardu mai gida yana raye.

Ta san abin da ya ɗauke shi, shi ya sa ranta ya fi ɓaci. Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi yana zuba wa jirage mai a filin jirgin garinsu, har abokan aiki suka manta sunansa, sai dai Mai Tiyo. Bai taɓa shiga jirgi ya tashi da shi ba sai a wannan tafiya. Amma duk jirgin da ya gifta idonsa sai ya rubuta lambar da ke jikin wutsiyarsa, da yawan injinsa, da ranar. Littafi goma sha biyu ya cika a gida, Mama ba ta da ikon ko goge musu ƙura. Ranar da aka yaye Auta daga makarantar aikin jinya, ana dab da kiran sunanta ya ji ƙarar jirgi ya fice waje. Ta karɓi takardarta tana kallon kujerarsa babu kowa. Hali zanen dutse, in ji masu magana, amma su masu maganar ba su taɓa barin uwarsu a keke a bakin ƙofar jirgi ba.

Ma'aikaciyar ƙofar, wata doguwa mai jan ƙyalle a wuya, ta yafito ta. Cikin harshen da Auta kaɗai ke ji a cikin su ukun ta ce minti goma ya rage, bayan nan ko uban matuƙin ne sai ya haƙura.

Auta ta sake zubawa a guje. A gindin matakala ta ci karo da wata mai goge daɓe. Ta kwatanta mata da hannu: tsoho, hula, yana rubutu a ɗan littafi. Matar ta yi dariya, ta nuna sama da sandar gugarta, ta ɗaga yatsu biyu. Bene na biyu.

Can ta same shi. Wani dogon zaure ne na gilashi da aka yi domin masu kallo, ga benci a jere, ga filin gaba ɗaya a shimfiɗe a ƙasa. Baba yana tsaye ya kusa manna hancinsa da gilashin, biro a hannu, fuskarsa wasai kamar ta ango.

"Yawwa Auta, zo ki ga ikon Allah. Mai inji huɗu, bene biyu! A hoto kawai nake ganinsa."

"Baba, jirginmu zai tashi!"

"Wane jirgin?" Ya yi murmushin da yake yi wa yara in sun yi wauta. Ya nuna ƙasa da biro. "Ga jirginmu can. Kin ga lamba goma sha huɗu a ƙasa? Kin ga fentin kamfaninmu a wutsiya? To dubi ƙarƙashin fiffiken. Akwai tanka? Akwai tiyo? Babu. Tun da na zo idona na kansa. Ko yanzu suka jona, sai sun yi minti arba'in. Su waɗancan na ƙofa aikinsu ke nan, su tayar wa mutane da hankali."

"Baba, don girman Allah ka taho."

"Shekara talatin da ɗaya, jirgi bai taɓa tashi ba sai na cire tiyona na sa hannu a takarda. Ke za ki koya mini?"

Ba ta san lokacin da ta damƙi hannun rigarsa ba. Tun da aka haife ta ba ta taɓa jan mahaifinta ba, yau ta ja shi. Suka sauko matakala yana faɗin ta sake shi mutane na kallo, tana cewa su kalla.

Ƙofa ta goma sha huɗu a rufe take. Babu layi, babu kowa sai Mama a kekenta da mai jan ƙyalle tana tattara takardu. Ta bayan ƙofar gilashin Auta ta hango bayan wata doguwar bas tana shan kwana.

Baba ya matsa gaban teburin yana nuna sama da ƙarfinsa. "Faɗa mata ba a zuba masa mai ba! Faɗa mata ni ma ma'aikaci ne!"

Auta ta faɗa, don dai ta ji amsar. Matar ta yi bayani a gajarce, ba ta ko ɗago ba.

"Me ta ce?"

"Ta ce wancan da kake gadi ba namu ba ne. Ya lalace, kwanansa biyu a wurin. Namu yana can ƙarshen fili, da bas ake kai mutane. Tun da hantsi aka cika masa tanki. Yanzu haka kayanmu ake saukewa."

Baba ya dubi ƙofar, ya dubi biron da ke hannunsa.

"A wurinmu ba a..."

"Nan ba wurinku ba ne!" Muryar Auta ta fashe har mai gadi ya waiwayo. "Wata goma sha ɗaya, Baba! Wata goma sha ɗaya baiwar Allahn nan tana salla a zaune, ni nake kai ta banɗaki, ni nake juya ta in ƙugun ya riƙe. Ka taɓa rubuta wannan a littafinka? Lambar jirgin mutanen da ba su san kana duniya ba, ita ka sani. Ka kashe waya kamar kana gindin tanka, ka tafi da fasfo ɗinmu, don ka ga mai inji huɗu! To ka gani. Sai ka ɗauki Mama ka goya ta ka kai ta asibitin."

Tana gama faɗa ta ji kunya, amma kunyar ba ta kai fushin ba. Mama kuwa ba ta ce mata ta yi shiru ba.

A teburin canjin tikiti suka yi rabin awa a layi. Yaya ya kira sau huɗu, a na biyar ta ɗauka ta ce masa ya tambayi ubansa, ta kashe. Da layi ya zo kansu, saurayin da ke teburin ya daɗe yana danne-danne, sannan ya ce akwai jirgin da zai tashi nan da awa ɗaya da rabi, zai isa kafin lokacin likita. Sai dai kujera biyu ce ta rage a ciki. Ta ukun sai gobe da yamma. Wanda ya rage za su ba shi ɗaki a masaukin da ke cikin filin.

Auta ta fassara. Ta san Mama. Shekara arba'in da aure, ko abinci ba ta ci sai Baba ya ci. Baba kuwa ba ya jin ko kalma ɗaya ta harshen mutanen nan, ko ruwa ba zai iya tambaya ba. Mama za ta ce a haƙura, Allah bai nufa ba, su kwana su tafi tare. Har Auta ta fara haɗa faɗan da za ta yi da ita a ranta.

"Malam," in ji Mama. "Ba ta fasfo biyu."

Baba ya dube ta.

"Nawa da nata. Naka ka riƙe, ai kai ne mai gida."

Ya kai hannu aljihu. Fil ɗin ya ƙi buɗuwa, ya soke kansa har sau biyu. Auta ta tsaya tana kallo, ba ta taimaka masa ba.

"Ni ban taɓa hana ka kallon jirgi ba," Mama ta ci gaba, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ranar da na haifi yarinyar nan kana bakin shinge da littafi, ban yi magana ba. Amma ƙafata ba zan ba ka ita ba. Auta, tura ni."

Kafin su wuce, Auta ta karɓi wayarsa ta kunna masa ta mayar a hannunsa. Ta rubuta lambar Yaya a bayan tikitinsa na gobe. Da saurayin ya tambayi inda ma'aikacin masauki zai same shi, ta ce zauren kallo na bene na biyu, tunda nan kaɗai ya sani a duk filin. Baba ya ce, "Allah ya kiyaye hanya." Auta kaɗai ta ce amin.

Shi ma wannan jirgin da bas aka kai su wajensa. Aka ɗaga keken Mama aka daidaita shi a jikin taga, Auta ta tsaya a kanta tana riƙe da ƙarfe. Har yanzu ƙirjinta na tafasa, tana ta maimaita abubuwan da ta manta ba ta faɗa masa ba. Bas ɗin ta bi gindin ginin a hankali, ta gefen jirgin nan da ya lalace. Mama ta ɗaga kai.

Yana can a bene na biyu. Hularsa kawai ta isa a gane shi. Ya zauna a benci shi kaɗai, ya ba gilashin baya, ga jirage na sauka suna tashi a bayansa bai waiwayo ba.

Mama ta daɗe tana kallonsa, sannan ta yi tsaki.

"Kira mini shi."

"Me kuma za ki ce masa, Mama? Ki bar shi ya ji a jikinsa."

"Ce masa ya juyo. Shekara arba'in yana kallon jiragen mutane. Yau da nake cikin guda ne zai juya mini ƙeya?"

Auta ta danna lambar. Can sama, tsohon ya zabura ya shiga lalube aljihunansa.