Baƙuwar Lamba a Wayar Inna Laraba

A gidan Barau da ke Zugu, wuri ɗaya tak sabis ke kamawa: jikin rumbun gero, ta gabas, daidai tsayin kan mutum. Nan aka kafa ƙusa, nan wayar Inna Laraba ke wuni a rataye cikin 'yar jakar saƙa. Ka cire ta ka yi taku uku, shi ke nan, ta zama dutse. To ku riƙe ƙusar nan a ranku.

Mu'awiya shi ne autan Inna. Yayyensa mata duk suna gidajen aurensu, biyu a Anka, ɗaya a Gummi, saura shi da ita a gidan. Yaro ne mai hannu, Allah ya sani. Ya yi difloma ta kwamfuta a Gusau, ya dawo da takarda mai kyau da tsohuwar kwamfutar da ya haɗa da kansa daga gawar wasu biyu. Burinsa ɗaya ne, bai taɓa sauya shi ba: ya samu aiki, ya kama ɗaki biyu a cikin garin Bukkuyum, ya fitar da Inna daga Zugu kafin mutanen daji su sake shigowa.

Intanet kuwa sai a Bukkuyum, a shagon abokinsa Nazifi mai cajin waya da buga takardu. Duk ranar da masu babura suka haɗu suka yi ayari, don ba mai bin hanyar nan shi kaɗai, Mu'awiya na cikinsu da kwamfutarsa a cikin buhun taki, kar a gane. A shagon yake cika fom. Ya cika har ya daina tuna sunayen wuraren.

"Wai ni Nazifi, gogewar ga a wace kasuwa ake saida ta?" in ji shi wata rana. "Kowa shekara biyu na gogewa. Ba su ɗaukar ka sai ka yi aiki, ba ka yin aiki sai sun ɗauke ka."

"Malam injiniya, gogewa ba ita ce ciwonka ba," in ji Nazifi, yana jera wayoyi a soket. "Adireshinka ne. Mutum na ganin Zugu, Bukkuyum, Zamfara, sai ya ja kujerarsa baya, kamar harsashi zai fito mai ta cikin takardar. Rubuta Kaduna mana. Ɗan kawuna Lirwanu na can, ka sa nasa."

"In rubuta ƙarya?"

"To rubuta gaskiya, ka kaɗa mata miyar kuka ka sha."

Bai rubuta Kaduna ba. Abin da ya yi, ya je wata makaranta da kwamfutocinta goma suka mutu a cikin sito, ya roƙa a bar shi ya gyara kyauta. Wata biyu yana yi, bakwai suka tashi. Ya ɗauki hoton kowace, ya rubuta abin da ya same ta da yadda ya yi mata. Wannan ita ce gogewarsa.

Ita kuwa ta yi masa rana. Wani ƙaramin kamfani a Kaduna ya nemi sababbin hannu, masu amsa kiran mutanen da kwamfutarsu ta rikice su yi musu jagora ta waya, kuma daga ko'ina mutum yake zai iya yi. Ya ci jarrabawarsu. Aka yi masa intabiyu ta bidiyo, Nazifi ya kashe janareta don ƙara, ya tsaya a ƙofa yana korar masu karɓar caji. Mai intabiyun, wani Malam Ishaq, ya ji daɗin hotunan nan ƙwarai. A ƙarshe ya yi tambaya ɗaya.

"In mun neme ka, za mu same ka?"

"Za ku same ni, ranka ya daɗe."

Fom ɗin ya nemi lamba biyu. Layinsa ba ya kamawa a Zugu ko kaɗan, don haka ya sa ta Inna a ta biyu. Bai gaya mata ba. Kar ku ga laifinsa. Sau biyu a baya ya gaya mata yana sa rai, ta yi ta azumi tana kai sadakar gero gidan liman, da abin ya faɗi ita ta kwanta ciwo, ba shi ba. Ya ce wannan karon sai abin ya tabbata. Kuma a zatonsa amsar ta imel za ta zo, kamar sauran.

Yanzu sai in gaya muku abin da kowa a Zugu ya sani. Damina uku da suka wuce, wayar nan ta yi ƙara a jikin rumbu, baƙuwar lamba. Murya mai ladabi ta yi sallama, ta tambayi lafiyar gida, ta ce ko maigidan, Malam Barau, na kusa. Inna, baiwar Allah, ta amsa sallama ta ce, a'a, yana gonar fadama, sai azahar zai dawo. A gonar fadamar suka same shi. Ba a sake ganinsa ba, sai takalminsa ƙafa ɗaya. Tun daga ranar garin ya koyi amsa guda: in baƙuwar murya ta nemi namiji, babu shi, ba a san shi ba, ba shi da komai.

Wata ranar Alhamis Mu'awiya ya bi ayari zuwa Bukkuyum duba imel. Yana tsakiyar hanya, inda babu sabis ko na rantsuwa, Malam Ishaq ya kira layinsa, bai shiga ba. Ya kira na biyu.

Inna na tankaɗe ta ji ƙara. Ta share hannu, ta duba. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta san surar lambobin 'ya'yanta kamar fuskokinsu. Wannan ba ta cikinsu.

"Salamu alaikum, Hajiya. Ina wuni, ya gida? Sunana Ishaq. Nan ne gidan su Mu'awiya Barau?"

Ta dafa rumbun.

"Wa kake nema?"

"Mu'awiya. Yana kusa? Ko ya fita ne, yaushe zai dawo?"

"Babu mai wanga suna nan."

"Ikon Allah. Ba Zugu ba ne? Wanda ke da kwamfuta, ya ce yana da sola ma."

"Ba mu da komi. Wanda kake faɗi ya bar garin ga tun bara, ba mu san inda ya nufa ba."

"Hajiya, don Allah ki saurara, daga Kaduna..."

Ta kashe. Ta danne maɓallin har wayar ta mutu, ta hau turmi, ta cusa ta can cikin gero iya tsawon hannunta. Sannan ta zauna a ƙofar gida tana kallon hanya, tankaɗen na nan kaji na ci.

Da la'asar Mu'awiya ya dawo, babu imel, fuska duk jar ƙasa. Ta kama rigarsa da hannu biyu, abin da ba ta taɓa yi ba tun yana goye.

"Auta, sun kira. Sun san sunanka, sun san kwamfutar, har solar sun sani. Amma wanga karon ban faɗa ba. Wallahi ban faɗa ba. Na ce babu kai."

"Wa ya kira, Inna?"

"Wai Ishaq. Sunan annabi ya ɗauko, don ya ruɗe ni."

Ya tsaya. Sai ya ce ta shiga ta yi salla, shi zai duba. Ya tono wayar daga cikin gero, ya kunna, ya manna kansa a jikin rumbu daidai ƙusar, ya kira. Ya yi bayani a hankali, kar muryarsa ta kai ɗaki. Har labarin gonar fadama ya faɗa, abin da bai taɓa faɗa wa baƙo ba.

Malam Ishaq ya ce, "Allah ya jiƙan mahaifinka. Na yarda da kai, wallahi. Amma sau biyar na kira. Mun sha samun masu ba da adireshin ƙarya, maigidana ya ce a wuce ga na gaba, ƙarfe uku muka rufe sunaye. Kuma ka duba, aikin nan gaba ɗayansa kira ne. Da a nan kake, da na ce ka shigo gobe ya gan ka da idonsa."

"Na gode, ranka ya daɗe."

Ya rataye wayar. Da ya juyo, ga Inna a bakin ɗaki da carbi, idonta a kansa. Shekara uku bai ga ta tsaya a miƙe haka ba.

"Su ne ko?"

Yaron da ya ƙi rubuta Kaduna a fom ya dubi uwarsa.

"Su ne, Inna. Kin yi daidai."

Ta ɗaga hannu sama, hawaye na zuba. Ta yi hamdala har sau uku. Sannan ta share fuska da gefen zane ta ce, "To ba ka ƙara kwana biyu garin ga. Tunda sun san sunanka, za su zo su duba. Na ce ka bar gari, to ka bar shi."

"Inna, in bar ki da wa?"

"Mi za su yi da tsohuwa? Kai suka nema."

Ya roƙe ta su tafi tare. Ta ce ina, ɗakin wa? Ta je ta zauna wa surukai a Anka, ta bar rumbu da gonar Barau ga wa? Ya yi ta neman hanyar da zai warware maganar bai samu ba, don in ya warware ta, sai Inna ta san cewa da bakinta ta sake rasa wani abu a jikin rumbun nan.

Ranar Asabar ya bi ayari, kwamfutar a cikin buhun taki, Inna ta ƙulla masa ƙuli-ƙuli da garin rogo. Nazifi ya ba shi lambar Lirwanu. Bai yi masa tsiya ba ko kalma ɗaya, sai rungumar sa da ya yi.

Yana Kaduna yanzu, yana kwana a tabarma a ɗakin Lirwanu, yana wuni a rumfar wani mai gyaran kwamfuta yana miƙa sukundireba. Yana cika fom har yau. Adireshin ya gyaru, saura shekara biyun gogewa.

Gonar fadama ba a nome ta ba bana. Inna na nan, ta jawo tabarmarta gindin rumbu, duk Juma'a bayan masallaci Auta na kira. Duk matar da ta shigo ɗibar wuta sai ta ji labarin yadda aka nemi yaron, Allah ya ba uwarsa baki. In kuma baƙuwar lamba ta shigo, takan miƙe a hankali, ta dafa rumbun, ta ce babu shi nan, ya bar gari.