Mai-Dawisu a Cikin Silin

Shekara talatin da ɗaya Almakashi ya yi yana yanka yadi a shagon Baba. Sunansa na gaskiya ko matarsa sai ta yi tunani kafin ta tuna. Gajere ne mai sanƙo, almakashinsa ɗaure da igiya a ƙugu don kada wani ya ara ya yanka kwali da shi. Su uku ne suka tsufa a shagon. Akwai Anti Maɓalli mai kula da ɓangaren zare, ulu, zif da maɓallai, wadda in ka kawo mata riga ta dube ta sau ɗaya za ta jawo maka aljihun da ɗan'uwan maɓallinka yake ciki, ta kuma gaya maka tumbinka ne ya tsinke shi. Akwai Dogo mai kula da sito, wanda tsawonsa bai kai na Almakashi ba.

Baba ya daɗe da miƙa wa ƙaramar 'yarsa Auta ragamar shagon, amma bai miƙa mata kujerar bakin ƙofa ba. Kullum yana nan da sandarsa da tabaransa, yana gadin abin da babu mai niyyar sacewa. Duk macen da ta tsaya jiran a naɗe mata kaya, ta shiga hannu.

"Ni da kike gani," zai ce, "na taɓa kawo wani yadi shagon nan, Mai-dawisu. Bandir goma sha biyu. Sati ɗaya ko ƙyalle bai rage ba. Almakashi, ƙarya na yi?"

"Sati ɗaya, Baba," in ji Almakashi, ba tare da ya ɗaga kai daga kanta ba.

Labarin kuwa ƙiba yake yi duk shekara. Da fari shuɗi ne mai zanen dawisu. Daga baya jelar dawisun ta samu zaren zinariya. Wata rana da ciniki ya yi sanyi, Anti Maɓalli ta ƙara da cewa har mata biyu sun yi dambe a kan yadi huɗun ƙarshe, ɗaya ta koma gida da takalmi ƙafa guda. Bayan wata biyu Baba ya fara tuna yadda shi da kansa ya shiga tsakani ya raba su.

Gaskiyar magana, Mai-dawisu bai je ko'ina ba. Yana saman kan Baba, a cikin silin, shekara ashirin da biyu. Baba ne ya yi tafiya ya zaɓo shi da idonsa, ya dawo yana hura hanci. Wata biyu yadin yana kan kanta, mata suna zuwa su ɗaga gefensa da yatsa biyu su ajiye. Ana haka ciwo ya kwantar da Baba, kullum kuma tambayarsa ɗaya ce daga kan gado: an fara saye? Likita ya ce a daina ɓata masa rai. Sai Mama, matarsa, ta zo shago wata ranar Talata da rana, ta sa aka rufe ƙofa, ta ce a haye da shi sama a ce masa ya ƙare. Dogo ya hau tsani, Anti Maɓalli ta riƙe masa, Almakashi yana miƙawa. Shi ne kuma aka aika gida ya yi wa Baba albishir, saboda Mama ta ce fuskarsa ta fi kama da ta masu gaskiya. Baba ya tashi zaune a ranar, ya nemi abinci.

Da haka aka zauna lafiya har damina ta bana, da silin ya fara yoyo daidai kan akwatin ulu. Auta, wadda tana firamare lokacin da aka yi wannan aika-aika, ta ɗaga kai ta ce jibi kafinta zai zo ya ɓare allunan wajen ya duba.

Almakashi ya ji almakashin ya kauce masa a hannu. Rabon da ya yi yankan karkace tun yana da gashi.

Da lokacin cin abinci ya yi, su ukun suka taru a sito, tsakanin buhunan auduga.

"A sauko da shi gobe da sassafe, kafin Baba ya zo," in ji Almakashi.

"Yaushe ka taɓa riga Baba zuwa?" Anti Maɓalli ta tambaya. "Mutumin da yake jiran ƙofa ta farka."

"To bayan an tashi."

"Auta ce ke tafiya da makulli."

Suka dubi Dogo. Dogo ya dafa gwiwarsa ya ce shi da tsani sun rabu tun bara, kuma ko ya hau, bandir goma sha biyu ba maɓalli ba ne da za a zuba a aljihu. Anti Maɓalli ta ce kada ya sa sana'arta a bakinsa.

Almakashi ya fita bayan shago ya kira Mama a waya. Ya gaishe ta, ya tambayi ƙafa, sannan ya rage murya ya ce maganar yadin nan ce, na sama.

"Wane yadi?" in ji Mama.

"Mama, Mai-dawisu."

"Ai ya ƙare a sati ɗaya. Ba kai ka faɗa ba?"

"Mama, kafinta zai zo jibi."

"To ni ka taɓa ganina a kan tsani?" Ta ce ya gaida iyali, ta kashe.

Kafintan bai jira jibi ba. Washegari da hantsi sai ga shi, wai aikin da yake yi a wani wuri ya tsaya. Ya jingina tsaninsa, ya hau yana fito, ya zura ƙarfe a gefen allon da ya jiƙe. Almakashi yana auna wa wata mata leshi, ya auna yadi uku sau uku. Allon ya ɓalle gaba ɗaya. Ƙura ta fara zubowa, sai kashin ɓera, sai bandir guda ya sulalo ya daki kanta, takardar jikinsa ta yage, ya faɗi ƙasa ya yi ta warwarewa a tsakiyar shago har ya tsaya a ƙafar Baba.

"Akwai sauran 'yan'uwansa a nan," in ji kafinta daga cikin silin. "Da yawa."

Almakashi kansa ya manta munin abin. Kore ne irin na ruwan da ya kwana a kwata, da ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa. Tsuntsayen da ke jiki kuwa, in dawisu ne, to dawisun da ya yi jinya ne. Sun fi kama da kajin da ruwan sama ya doka, kowacce da ido ɗaya, tana kallon mutum kamar shi ya jawo mata.

Baba ya gyara tabarau. Ya sa sanda ya ɗaga gefen yadin, ya daɗe yana dubawa. Almakashi ya fara lissafin nisan asibiti.

"Wane marar ido ne ya sayo wannan?" in ji Baba.

Anti Maɓalli ta duƙufa kan jera zif ɗin da suke a jere. Dogo ya shige sito da saurin da gwiwarsa ba ta taɓa nunawa ba. A daidai nan Mama ta shigo da maganin da Baba ya manta a gida, kamar wadda aka yi wa waya. Ta dubi yadin, ta dubi ramin silin, ta dubi mijinta. Ko ƙifta ido ba ta yi ba.

"Ai Almakashi ne," ta ce. "Lokacin da kake kwance. Wani mai kawo kaya ya yi masa daɗin baki. Kunya ce ta sa ya ɓoye, ni kuma na ce a rufa masa asiri."

"Haka aka yi," in ji Anti Maɓalli.

"Ni na hau da shi," in ji Dogo daga sito. "Ya roƙe ni."

Baba ya juyo ya dubi Almakashi da tausayi, abin da ya fi zagi ciwo. Ya ce ba komai, kowa da baiwarsa, wani hannu aka ba shi, wani ido. Ya ce abin mamakin shi ne, mutum ya ga Mai-dawisu da idonsa, ya yanka shi da hannunsa, sannan ya je ya kwaso kaji.

Daga ranar labarin ya samu kashi na biyu. Auta ta sa aka sauko da sauran goma sha ɗayan, aka jingine su a bayan kantar Almakashi, Baba ya ce a bar su a nan har sai wanda ya sayo ya sayar. Duk macen da ta shigo sai ta ji na dawisu, sannan a nuna mata kaji da sanda, a nuna mata mai kajin. Matan da Almakashi ya yanka wa yadi tun suna 'yan mata suka fara tambayarsa ko yana da mai agwagwa. Anti Maɓalli ta saƙa 'yar kaza da ulu kore ta rataye masa a kan ma'auni. Har mai shagon takalma na maƙwabta ya leƙo ya tambayi nawa ake sayar da ƙwai.

Sati uku ya daure. Ranar da abin ya ishe shi, Baba ya gaya wa wata amaryar tela cewa ya yi shekara talatin yana ƙoƙarin koya wa Almakashi launi, abin ya gagara. Da matar ta fita, Almakashi ya ajiye ma'auni, ya zagayo, ya tsuguna kusa da kujerar.

"Baba, ina da magana."

"In haƙuri za ka ba ni, na riga na yafe."

"Baba, wannan yadin shi ne Mai-dawisu. Kai ka sayo shi. Ko yadi ɗaya ba a saya ba. Mu muka ɓoye shi don ka samu sauƙi."

Baba ya cire tabarau ya goge da gefen riga. Almakashi ya fara nadamar bakinsa.

"Wa ya zo har bakin gadona ya ce ya ƙare a sati ɗaya?" Baba ya tambaya.

"Ni ne."

"Sau nawa na tambaye ka a gaban mutane ko ƙarya na yi?"

"Da yawa, Baba."

"To ko dai ka yi shekara ashirin da biyu kana yi mini ƙarya kullum, ko kuma yau ka yi guda ɗaya don kaji sun dame ka. Ni na san ka. Ba ka da ƙwazon ƙaryar shekara ashirin." Ya mayar da tabaransa. "Kuma matan da suka yi dambe fa? Ni na raba su. Har yau kafaɗar nan tana yi mini ciwo in an yi sanyi."

Almakashi ya tashi ya koma bayan kanta.

Da yamma Auta ta kira shi ɗan ofishinta. Ta tura ƙofa, ta ɗauko wata tsohuwar takarda da ta samu maƙale a cikin bandir na bakwai. Rubutun Baba ne, da manyan baƙaƙe: kada a rage wa kowa, wannan na masu ido ne. Ta kifa kai a kan tebur tana dariya har kafaɗunta suna rawa.

"Kawu, tun ranar na gani," ta ce tana share hawaye. "Na kai wa Mama, ta ce ba ta san rubutun ba."

"To ki nuna masa mana."

"In nuna masa, me zai riƙa gaya wa mutane a bakin ƙofa? Gida zai koma ya zauna wa Mama a ka, ita kuma ta huce a kanmu." Ta jefa takardar a aljihun tebur ta kulle. Ta ce daga yanzu ranar Laraba tasa ce, ya huta, kuma za ta raba shi da kajin kafin wata ya ƙare.

Ta cika alkawari. Ta samo wani mai gyaran kujerun mota da aka ba aikin sabunta motocin haya na layin kasuwa. Mutumin ya murza yadin, ya ja shi da ƙarfi, ya ce bai taɓa ganin launin da zai ɓoye datti kamar wannan ba, don ko an yi amai a kai babu mai ganewa. Ya kwashe duka sha biyun a bayan a-kori-kura. Baba ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo, ya ce wa Almakashi ya gode wa Allah da ya halicci wani marar idon.

Layin kasuwa shi ne layin da Almakashi yake bi zuwa aiki. Bayan sati biyu ya shiga mota da safe ya tarar da kaji tun daga kujerar direba har ta baya, duk suna kallonsa da ido ɗaya. Ya tsaya a ƙofa har na bayansa suka fara tsaki, sannan ya samu wuri kusa da wata mata mai kwando ya zauna. Matar ta shafa kujerar, ta taɓe baki.

"Ko wa ya zaɓo wannan abin?" ta ce.

"Wani dattijo ne," in ji Almakashi. "Ya daɗe a sana'ar."

Matar ta ce to Allah ya ba shi lafiyar ido. Almakashi ya amsa da amin da ƙarfi, ya gyara zama a kan kazarsa.