Tabon Hannun Hajj Tamam

Tun daren Alhamis ɗin da ya wuce Adda Shatu ta rasa sukuni. Ta share tsakar gida, ta sake sharewa. Ta tafi kasuwa sayen kuɓewa, ta dawo da kwando wayam. Idan ta zauna sai ta miƙe, idan ta miƙe sai ta manta abin da ya tashe ta.

Abin da ya jawo duk wannan kuwa gyaran murya ne kawai. Zana ce ta raba gidanta da na Ya'u makanikin tarakta, wanda tun shekarar da riɗi ya yi albarka ya kafa dish na talabijin a bayan ɗaki ya lulluɓe shi da buhu. Duk daren Alhamis, in garin Gadarif ya yi tsit, sai ya kamo wata tasha ta ƙasar waje, inda wani mai suna Hajj Tamam ke zama da kofin shayi yana yi wa gwamnati shaƙiyanci. Ba wanda ya san ko wane ne: gemun ƙarya, baƙin tabarau, rawani kamar kabewa. Adda Shatu tana kwance a gadonta na igiya, ba ruwanta da shashanci, sai ta ji mutumin ya yi wani ɗan gajeren gyaran murya, ya maimaita, sannan ya saki magana. Haka marigayi mijinta yake yi. Haka kuma ɗanta Abdurrahim yake yi.

A shekarun da ake tare motoci ana sauke samari, a kai su horon soja daga nan a tura su yaƙin Kudu, Abdurrahim ya sulale ta iyakar Gallabat ya faɗa Habasha. Daga nan shiru kake ji. Wasu suka ce hamada ta cinye shi, wasu suka ce teku. Ita ba ta tambayi kowa ba, don ba ta da bakin tambaya: ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa tsayar da ido a kansa ba. In ya shigo sai ta kawar da kai ta ja tob ɗinta, mayafin da take yafawa, ta kare fuska. Matan unguwa har tsiya suke mata, wai kunyar da kakanninta suka ɗauko daga yamma, ko a can an daina irinta.

Yanzu ga shi tana son ta san abu ɗaya tak: yana raye ko ba ya raye. Amma ko bango bai kamata ya ji ba. Ƙaninsa Ammar na da shagon ɗinki a kasuwa, kuma kowa ya san abin da ake yi wa dangin mai bakin tsiya: a zo da mota a ɗauki wanda ya rage.

Da Alhamis ta zagayo, ta ɗauki wata tukunya da ta ara tun Sallah, ta nufi gidan. A bakin ƙofa ta juya, ta sake dawowa, sannan ta yi sallama.

"Adda! Da daren nan?" in ji Atine, matar Ya'u. "Tukunyar ce ba za ta kai safe ba? Itfaddali, bismillah, zauna ki sha dariya da mu."

"Ni ba zama zan yi ba," ta ce, tana zama.

Sai a lokacin ta lura da wanda ke kan kujera ɗaya tilo da ke gidan. Ustaz Jibrin ne, shugaban lajna, wato kwamitin gwamnati na unguwa, wanda da kalma ɗaya yake sa a ba ka sukari, da kalma ɗaya kuma yake sa a zo nemanka. Kullum cewa yake yana zuwa ne don ya san abin da maƙiya ke faɗa, amma duk gidan ba wanda ya kai shi ƙyaƙyatawa. Kuma a zauren mijinta ya yi karatun allo, allonsa kusa da na Abdurrahim.

Aka yi kiɗa, Hajj Tamam ya bayyana. Ya ɗaga wani burodi da bai fi ɗan yatsa ba.

"Kullu tamam!" ya ce. "Komai lafiya lau! 'Yan baƙin ciki na cewa an rage girman burodi. Ƙarya ne, ya jama'a! Hannuwanku ne suka ƙara girma saboda ƙoshi."

Gidan ya kaure da dariya. Ya juya ga baƙonsa na ranar, wata kujera da ba kowa a kai, ya ce Ministan Lantarki ne, an ɗauke shi ne na ɗan lokaci, zai dawo in Allah ya so. Ya'u ya faɗo daga kan benci.

Adda Shatu ba ta ji ko ɗaya ba. Muryar an kaurara ta, fuskar duk gemu ne. Ko dai tsufa ne ke mata wasa da kunne? Sai mutumin ya yi gyaran murya, ya kai hannun hagu ya ɗauki shayi, hannun jallabiya ya zame. Ga tabon nan a wuyan hannu, fari, mai lanƙwasa. Tun yana rarrafe ya dafa kasko mai zafi na tuyar kisra, wainar dawa. Ranar surukanta na zaune, ta tsaya ƙiƙam tana jin ihunsa har kakarsa ta zo ta ɗauke shi, kuma har yau abin bai daina cin ranta ba.

Yana raye! Don murna ba ta san lokacin da kanta ya kau gefe, hannunta ya ja tob ya kare fuska ba.

"Ya Hajja, malik? Me ya same ki?" Ustaz Jibrin ya daina dariya. Ya dube ta, ya dubi talabijin, ya sake dubanta. "Tun ina yaro mutum ɗaya na san kina yi wa haka."

Atine ta yi tsuru da tiren shayi a hannu. A ranta Adda Shatu ta hango shagon Ammar a rufe, ta ga motar a ƙofar gida. Sai ta kaɗa gefen tob ɗin kamar mai kore wani abu.

"Sauro ne, Ustaz. Gidan Ya'u ai gonar sauro ce." Ta gyara zama, ta miƙe wuya, ta kafa wa talabijin ido. "Wannan ƙaton banzan kuke hana mu barci dominsa? Dubi gemu kamar tsohuwar tsintsiya!"

Ta yi dariya, aka taya ta. Ustaz ya ɗan jima yana nazarinta, ita kuwa ko ƙiftawa ba ta yi ba, don ta san muddin idonsa na kanta, nata ba zai bar fuskar nan ba. Daga ƙarshe Hajj Tamam ya sake sako wata, Ustaz ya tafa hannu ya koma ga dariyarsa.

Haka ta zauna, a gaban mutane, tana kallon ɗanta na fari son ranta, abin da ba ta taɓa yi ba tun ranar da aka yanke masa cibi. Ta kalli goshin, ta kalli kunnuwan ubansa da rawani ya kasa ɓoyewa, ta kalli wuyan. Hawaye na zuba, Atine na cewa ai dariyar Hajj Tamam haka take sa mutum.

"Ya rame," ta ce a ranta. "Ba mai dafa masa abinci."