Uwar Aro

A zamanin da wasan besbol ya fara zama sana'ar cin abinci, duk garin Matanzas babu mai dukan ƙwallo kamar Evaristo Lugones. Da ya ɗaga kulki, masu tsaron bayan fili za su fara ja da baya tun ba a jefo ba. Labarinsa ya kai Amurka, har wata babbar ƙungiya ta turo wani Bature, Mista Pruitt, ya gane wa idonsa.

Wasa kam ya gani, ya kuma yaba. Saura abu guda. Ƙungiyoyin can ba sa ɗaukar mai jinin baƙar fata ko da ɗigo ne, don haka Baturen ya ce sai ya je gida ya ga iyaye. Evaristo fari ne tas, marigayi ubansa ya ɗauko. Uwarsa Fermina kuwa baƙa ce, kuma da wankau ta raine shi.

Don Ceferino, mai ƙungiyar da Evaristo ke yi wa wasa, ba ya rasa dabara, musamman mummuna.

"Wannan ne ya hana ka cin abinci?" in ji shi. "Ƙanwata Amparo za ta zauna a falonku, ita ce uwarka. Fermina ta kawo gahawa kawai."

Evaristo ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya iya faɗa wa uwarsa. Ko gezau ba ta yi ba.

"Gahawar ce ban iya kawowa ba? Tafi ka yi aski, ga ka nan kamar ɗan fashi."

Ranar Lahadi, kafin wasa, Doña Amparo ta hakimce a kujerar Fermina tana fifita, tana zuba ƙarya game da wani kakansu da ya zo daga Sifen, Don Ceferino yana fassarawa yana ƙara gishiri. Fermina ta kawo gahawa da alewar gwaba, ta koma kicin. Evaristo bai ɗaga kai ba, kunya ta hana shi ko kurɓa ɗaya. Baturen dai sai gyaɗa kai yake, ya gamsu.

Lokacin tafiya filin wasa ya yi. To a Matanzas ɗa ba ya fita gida bai nemi albarkar uwarsa ba, ko da ya yi furfura. Evaristo ya miƙe, ya ɗauki hularsa, bakinsa ya riga hankalinsa.

"A sa min albarka, Mama."

Doña Amparo ta cika baki da alewa, ba ta ma san da ita ake ba. Sai murya ta fito daga kicin, tar da ita:

"Allah ya yi maka albarka, ɗana, ya tsare min kai."

Sifaniyancin Mista Pruitt bai taka kara ya karya ba, amma ya san "ɗana". Ya ajiye kofinsa, ya tambayi wace ce ta amsa. Don Ceferino, sarkin dabara, sai ya zura wa Evaristo ido.

"Mai aikinmu ce," in ji Evaristo. "Ta tsufa, kowa ɗanta ne."

Da ya tsaya nan, da sauƙi. Amma ya ga Baturen bai daina kallon ƙofar kicin ba, sai ya ɗaga murya.

"Fermina! Sau nawa zan ce miki ki riƙa kama bakinki in da baƙi?"

Tunda aka haife shi bai taɓa kiran sunanta ba. Ta fito tana goge hannu a siket, kanta a ƙasa.

"A gafarce ni, yallaɓai. Ba zan ƙara ba."

Baturen ya kece da dariya, ya ce su ma sun taɓa yin mai raino irin wannan. Ya ba Evaristo hannu, ya ce ya shirya kayansa, jirgin ruwa na gaba da shi zai tashi.

Sun kai bakin titi Evaristo ya ce ya manta takalman wasa. Ya zagaya ta ƙofar baya. Ya sami uwarsa tana wanke kofuna. Ya so ta zage shi, ko ta kwaɗa masa ludayi, ko ta yi kuka ya samu abin rarrashi. Ya tsaya kawai kamar an dasa shi, ya tsani kansa.

Ta waigo a firgice.

"Na ɓata maka, ko? Bakin nan ne ya saba, ban san ya fita ba."

"Baturen ya ɗauke ni," ya faɗa da ƙyar.

"To mun gode wa Allah."

"Mama..."

Ta ɗora jiƙaƙƙen hannunta a bakinsa, ta leƙa waje.

"Kar ka kira ni haka," ta ce a hankali. "Taga a buɗe take."