Ranar da Na Kayar da Yaya Sodnom a Rediyo

Shekarar da majalisa ke ta kai-komo kan maganar mayar da haraji kashi goma cikin ɗari ga kowa da kowa, ina koyar da lissafi a wata sakandare a Darkhan. Yayana Sodnom kuma yana da ɗan wurin ɗinka takalman sanyi na fata a bayan kasuwa, da mutum goma sha huɗu a ƙarƙashinsa. Shekara goma sha ɗaya ya ba ni. Tun rasuwar mahaifinmu shi ya zame mini uba, kuma dawakinsa biyu ya sayar ya kai ni jami'a a Ulaanbaatar, babban birnin ƙasarmu.

Ni da shi ba mu taɓa gama tukunyar shayi ba tare da musu ba. Matarsa Yanjmaa takan ce da gardama sana'a ce da tuni mun sayi mota. Da wannan magana ta haraji ta taso sai muka samu abin yi. Shi yana goyon baya, ni ina ganin zalunci ne aka sa wa riga mai kyau.

Wata ranar Lahadi na same shi a kicin yana yanka naman tunkiya. Muna cikin musun sai ya ajiye wuƙar, ya rage murya.

"Auta, bari in gaya miki abin da ko Yanjmaa ba ta sani ba. Mutum takwas cikin ma'aikatana ba sa cikin takarda. A hannu nake ba su albashi. In na rubuta su a yadda harajin yake yanzu, kafin bazara na rufe shago. Ba daɗi nake ji ba. A saukar da shi goma ki gani, da ƙafata zan je in rubuta su."

Na ce masa wannan uzurin 'yan kasuwa ne. Ya yi dariya ya tura mini kwanon nama.

Bayan wata guda, a wajen wani biki, wani abokinsa mai suna Tsogoo da ke gabatar da shiri a gidan rediyon garinmu ya ji mu muna yi. Ya ce wannan ai asara ce a bar ta a bakin tebur, mu zo mu yi wa gari. Muka amsa muna dariya.

Ranar shirin, da azahar, aka zaunar da mu fuska da fuska. Yaya ne ya fara.

"Jama'a, abin ba wuya. Mai tumaki dubu ya ba da ɗari, mai goma ya ba da ɗaya. Ina zalunci a nan? Ko ƙanwata malamar lissafi ba za ta ce ɗari da ɗaya daidai suke ba."

Na ce, "Yaya, mai dubu in ya ba da ɗari ko ƙidaya bai yi ba bare ya ji zafi. Mai goma kuwa, waccan ɗayar ita ce naman hunturun 'ya'yansa."

"To sai a hukunta mai dubu don ya yi sammako lokacin da wasu ke barci?"

"Ba hukunci ba ne. Titin da motar kayansa ke bi wa ya gina? Makarantar da ta koyar da ma'aikatansa fa?"

"Wane titi? Wanda ramukansa suka cinye mini taya huɗu bara?"

Tsogoo ya tuntsire da dariya. Aka buɗe layin waya. Mutum biyar suka kira, huɗu na bayansa. Wani tsoho ma cewa ya yi malama ta koma aji ta bar magana ga masu cin guminsu. Yaya ya ɗora da tsokana irin tasa ta gida: "Ku yi mata haƙuri, tun tana goye take son raba abin da ba nata ba."

A gida da sai in jefe shi da cokali, magana ta wuce. Amma a nan gari ne ke saurare, har da ɗalibaina.

Na ce, "Yaya na maganar adalci. To ya faɗa wa jama'a, cikin ma'aikatansa goma sha huɗu, nawa gwamnati ta san da zamansu? Ni na sani. Shida ne."

Tsogoo ya yi sauri ya sa waƙa. Yaya ya dube ni, ya cire abin sauraren daga kunnensa ya ajiye a hankali, ya ɗauki hularsa ya fita.

Washegari a ɗakin malamai aka yi ta jinjina mini, wai na rufe bakin 'yan jari. Na karɓi yabon, ba zan ɓoye ba, har na ɗan ji daɗi.

Mako biyu bayan haka jami'an haraji suka je shagon. Tarar da aka ɗora masa sai da ya sayar da kekunan ɗinki uku, ya sallami mutum shida. Cikin su akwai wata bazawara, Dulmaa, wadda 'yarta ke ajina, tana zama a layin gaba. Kafin ƙarshen zango suka tattara suka koma ƙauye wajen dangi. Ranar da yarinyar ta kawo littattafan makaranta ta mayar, ta yi mini sallama cikin ladabi. Ban san ko ta ji shirin ba, ban kuma iya tambaya ba.

Dokar ta wuce ba tare da kowa ya nemi ra'ayinmu ba. Yanjmaa ce ta gaya mini cewa satin da dokar ta fara aiki Yaya ya je ya rubuta mutum biyun da suka rage ba sa cikin takarda, kamar yadda ya ce zai yi.

Ban taka gidansa ba sai da sabuwar shekararmu ta lissafin wata ta zo, lokacin da dole ƙarami ya je gaida babba. Na same shi a mazaunin manya can ƙuryar ɗaki cikin shuɗiyar rigarsa, gabansa gadon bayan tunkiya da tulin buuz, ƙullin fulawa mai nama a ciki, yana turiri. Na miƙa hannuwana na tallafe gwiwar hannunsa yadda aka saba. Ya bari. Ya tambayi lafiyata da ta makaranta, irin tambayar da ake yi wa baƙo.

Da mutane suka ragu na matsa kusa na ce, "Yaya, ka yafe mini."

Ya juya kwalbar tabarsa ta shaƙa a tafin hannu.

"Ba ki yi ƙarya ba, Tsermaa. Laifin nawa ne, na kuma biya. Amma ba malamar lissafi na gaya wa ba. Ƙanwata na gaya wa."

Ya zuba mini shayi da kansa, ya juya ga wani baƙo da ya shigo.

Shekaru sun shuɗe. Har yau ina ganin bai dace mai shara da mai ma'adinai su biya kaso ɗaya ba, kuma in aka tambaye ni haka zan faɗa. Muna gaisawa da Yaya, ina zuwa gidansa, jikokinsa na hawa cinyata. Sai dai duk abin da na faɗa, ko na siyasa ne ko na farashin gawayi, sai ya gyaɗa kai ya ce, "Haka ne." Wani lokaci da gangan nakan faɗi abin da na san bai yarda da shi ba, in zuba masa ido ina jira. Sai ya ce, "Haka ne," ya miƙa hannu ya ƙara ƙarar talabijin.