Ƙwayoyin Ƙofar Majami'a

Tun da Malama Zipora ta yi ritaya daga koyarwa a Manchok, ba abin da ke damunta sai ciwon gwiwa. Wata Lahadi bayan sujada, wani mai jaka ya tsaya a ƙofar majami'a yana tallar wasu korayen ƙwayoyi. Ya ce ba magani ba ne, ƙarin abinci ne, zallar ganye mai wanke jini. Ta saya, ta sha sati biyu, ta ji kamar da sauƙi. Da yake ita ce shugabar zumuntar mata, kuma ba ta iya cin alheri ita kaɗai, kafin wata ya ƙare mata bakwai na sha.

Sai Martina, mai buga musu tulu a waƙa, ta fara amai, idanunta suka yi ɗorawa. Zipora ta raka ta asibiti a Kafanchan, inda suka tarar da nas Roseline, tsohuwar ɗalibarta. Roseline ta jujjuya kwalbar ƙwayoyin a hannu.

"Mama, wa ya yi wannan? Ba lambar rajista, ba adireshi, ko abin da ke ciki ba su rubuta ba."

"Ai ganye ne, 'yata."

"Mai tallar ne ya ce. Wa ya gwada? Hantar Mama Martina ce ta taɓu, amma kun zo da wuri."

Washegari Zipora ta ɗauki leda ta bi gida-gida tana karɓe kwalaben. Faustina, mai sayar da doya, ta hana, wai ita yana mata aiki. Zipora ta jawo kujera ta zauna a tsakar gidan, ta ce to, a zuba abincin rana da ita. Faustina ta yi dariya ta ɗauko kwalbar.

Ran Lahadi Zipora ta miƙe gaban jama'a ta ce ita ta yaba wa mata abin nan, kuma ta yi kuskure. Mai jaka bai sake zuwa ba. Da aka ce an gan shi a kasuwar Samaru Kataf, ta aika wa matan zumuntar can gargaɗi.

Sati uku Martina ta yi kafin ta warware, kullum Zipora na kai mata faten acca. Yanzu da safe sukan taka tare zuwa gonar cittar Martina, a hankali, suna tsayawa gaisuwa a kowace ƙofa. Martina kan ce gishirin faten nan bai taɓa ji ba, Zipora ta ce likita ne ya hana.