Kwana Hamsin da Takwas

Kwana hamsin da takwas ke nan Malachy bai sa komai a bakinsa ba sai ruwa da gishiri. Shi da abokansa da suka ɗauki makami don 'yancin ƙasarsu Ireland sun ce su ba ɓarayi ba ne, fursunonin siyasa ne, kuma rigar gidan yari ba za ta taɓa jikinsu ba ko za su mutu. To, ga mutuwar ta iso. Da safe ya fita hayyacinsa, aka aika birnin Belfast aka ɗauko uwarsa, Nuala Devenny.

Ƙa'idar kowa ya san ta: mai yajin cin abinci in ya suma, magana ta koma hannun danginsa. Uwa ta sa hannu, likita ya ɗaura masa ruwa, ɗa ya rayu, yajinsa ya karye. Nuala kuwa da niyyar sa hannu ta zo. Alkawarin da ta yi masa cewa ba za ta sa ba, tun a cikin bas ta watsar da shi. Ɗa ɗaya gare ta, Ireland ta je ta haifi nata.

A asibitin gidan yarin, likita ya miƙo mata takarda. Ta karɓi alƙalami ke nan sai Gault, gandiroban da ke tsaron ƙofa, ya yi dariya ƙasa-ƙasa.

"Sa hannu mana, tsohuwa. Duk nan kuke ƙarewa. Rigarsa ta fursuna ma na goge masa, da hannuna zan ɓalla masa maɓallan."

Nuala ta dubi ɗanta. Ƙashi da fata, idanu sun riga sun tafi, ƙafafu kamar sandunan tsintsiya. Kwana hamsin da takwas, don wannan la'anannen ya ɓalla maɓalli yana washe baki? Ƙiyayya ta taso mata har ta danne tsoron da ta zo da shi. Ta ajiye alƙalamin a kan bargo.

"Uwargida Devenny," in ji likita, "ba zai kai jibi ba."

"Na ji ka."

"Ɗanki ne fa."

"Ni na haife shi, ba sai an gaya mini ba."

Dariyar Gault ta ɗauke. Nuala ta jawo kujera, ta riƙe hannun Malachy mai sanyi, hawaye na zuba ba ta share ba. Can ta juyo, ta ƙare wa gandiroban kallo a tsanake, daga hula har takalmi.

"Gault, ko? A wace unguwa kake, ɗan nan? Abokan Malachy na waje za su tambaye ni wajen jana'iza."